Amsoshin Tambayoyinku: Wace ce Lowe-McConnell, kuma me ta sani game da kifi da masunta ba su sani ba?

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne mai karatun kifi da kiwonsa. Mahaifina masunci ne a ƙasar Yawuri, a cikin jirginsa na tashi. Duk littafin da aka ba mu a kan karfasa ko kifin koguna sai na ci karo da sunan Lowe-McConnell, malamanmu kuma ba sa gama darasi ba su ambace ta ba. Wace ce ita? Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, me Baturiya za ta gano game da kifi wanda mahaifina, da ya yi furfura a kan ruwa, bai sani ba?

AMSA: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa albarka a karatunka. Tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi, amma ba za ta amsu ba sai mun bi sawun matar nan daga tafki zuwa tafki, don haka ka yi haƙuri mu fara da tarihinta.

Sunanta na gida Rosemary Helen Lowe, abokan aikinta kuma Ro suke ce mata. An haife ta a birnin Liverpool na Ingila a 1921, a jami'ar garin ta karanta ilimin dabbobi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta yi aiki a cibiyar binciken ruwan daɗi da ke bakin Tafkin Windermere, inda ake neman hanyar samar wa mutane abinci daga tafkuna da koguna saboda ƙuncin yaƙi. A 1945, tana da shekara 24, aka tura ta Nyasaland, ƙasar da yau ake kira Malawi, ta binciki karfasar Tafkin Nyasa.

Tafkin nan tsawonsa ya haura kilomita 500, karfasarsa kuma, wadda mutanen wurin suke kira chambo, ita ce abincin jama'a da jarin masunta. Manyan 'yan kasuwa sun fara shigo da manyan taruna, hukuma tana son ta san iya abin da za a ɗiba ba tare da an kashe tushen ba. Matsalar ita ce chambo ba iri ɗaya ba ce. Iri-iri ce masu kama da juna ƙwarai, in aka zube su a kan yashi baƙo ba zai raba su ba. In kuwa ba ka san da wane iri kake magana ba, ba za ka san lokacin haihuwarsa ba, ba za ka san girman da yake kaiwa kafin ya yi ƙwai ba, duk dokar da ka kafa a kan idon raga ko lokacin hana su ta zama harbi a duhu.

Aikin da ta yi daga 1945 zuwa 1947 babu wani abin burgewa a cikinsa ga mai kallo. Jirage su iso gaɓa, a ɗebi kifi, a shimfiɗa kowanne a kan katakon awo, a rubuta tsawonsa da nauyinsa. A tsaga cikinsa a duba, namiji ne ko mace, ƙwan ya nuna ko da saura, me ya ci. A rubuta inda aka kama shi, da zurfin ruwan, da irin ragar. Gobe a sake, wata mai zuwa a sake, har shekara ta zagayo. Daga wannan tarin rubutu ne hoton ya fito. Ta nuna cewa ire-iren chambo sun raba tafkin a tsakaninsu, wani yana haihuwa kafin ruwan sama ya sauka, wani sai cikin damina, wani a ruwa marar zurfi, wani can ciki, kuma launin da namiji yake ɗauka lokacin neman mace ya bambanta daga iri zuwa iri. Rahotonta ya fito a 1952. Ɗaya daga cikin ire-iren ita ta fara bayyana shi a rubuce, ta bar masa sunan da masuntan wurin suke kiransa da shi, saka. Masana na baya sun sake duba wannan rabe-raben, wasunsu sun haɗe saka da wani iri. Haka ilimi yake tafiya, kuma da awonta suka yi gardamar.

A 1948 ta koma Jinja ta ƙasar Yuganda, inda Kogin Nilu yake fita daga Tafkin Biktoriya, a sabuwar cibiyar binciken kifi ta Gabashin Afirka. Nan ne ta yi aikin da ya fi shafar kai da ni, domin cikin karfasar da ta bi har da irin nan na Nilu, wanda shi ne muke da shi a Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, shi ne kuma yau ake kiwo a duniya fiye da kowace karfasa. Ta zaga tafkunan yankin, Biktoriya da Kyoga da Albert da George da Edward, da Rudolf wanda yanzu ake kira Turkana, har zuwa ɗan Tafkin Jipe na kan iyakar Kenya da Tanzaniya, inda ta bayyana wani sabon iri a 1955.

Ka san yadda wannan karfasa take haihuwa, amma bari in faɗa saboda sauran masu karatu. Namiji ne yake share wuri a ƙasan ruwa, ya haƙa rami mai faɗin baki da bakinsa, ya tsare shi, ya kori duk namijin da ya matso. Mace ta zo ta zuba ƙwai, shi ya barbare su, ita kuma ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta cika bakinta. Kusan mako biyu tana ɗauke da su, ba ta cin abin kirki, su ƙyanƙyashe a bakinta har 'ya'yan su iya iyo da kansu. Ko bayan ta sake su, da sun ga inuwar abin tsoro sai su ruga su koma bakin uwa. Akwai wata karfasar kuma da ba ta yin haka, ita a kan ƙasa ko dutse take manna ƙwanta, uwa da uba su tsaya gadi. Lowe ta ƙirga ƙwan ire-iren nan ta gwama, ta nuna masu gadi suna zuba ƙwai masu yawa ƙanana, masu goyo a baki kuwa kaɗan ne amma manya.

Babban abin da ta lura da shi shi ne wannan. Karfasar Nilu a Tafkin Rudolf takan girma har ta haura rabin mita, ba ta fara haihuwa sai ta yi girma sosai. Irin nan dai, a ƙananan tafkunan da yashi ya yanke daga Tafkin Albert, ko a kududdufin kiwo, tana 'yar ƙarama take fara ƙwai. Da ta gwama nauyin kifin da tsawonsa a wurare daban-daban, sai ta ga inda kifi yake da ƙiba da walwala yakan jinkirta haihuwa ya zuba ƙarfinsa a girma, inda kuwa yake a matse ko a rame sai ya gaggauta haihuwa tun bai kai ko'ina ba. Duk mai kiwon da ya zuba karfasa maza da mata a kududdufi, ya dawo bayan watanni ya tarar da dubban 'yan mitsi-mitsi da ba mai saye, wannan abin ne ya same shi. Shi ya sa masu kiwo suke ware maza zalla, tunda namiji ya fi saurin girma kuma babu haihuwa, ko su zuba 'yan tarwada kaɗan su riƙa cinye 'ya'yan. Ba ita ta ƙirƙiro waɗannan dabaru ba, amma bayanin ciwon da suke magani yana cikin takardunta na shekarun 1950.

A ƙarshen 1953 ta auri Richard McConnell, masanin duwatsu da ma'adinai. Dokar aikin gwamnatin mulkin mallaka a lokacin ba ta yarda matar aure ta riƙe irin wannan muƙami ba, sai aka sa ta ajiye aiki. Wannan wurin yana ɓata mini rai duk lokacin da na tuna shi. Mace tana tsakiyar ƙarfinta, ta san karfasar Gabashin Afirka fiye da kusan kowa a cibiyar, a ce ta tattara ta tafi don ta yi aure. Daga nan har ƙarshen rayuwarta yawancin aikinta ta yi shi ne ba tare da kujera ko albashin kirki ba. Sunan nan mai rassa biyu da kake gani a littattafanku daga auren ya samo asali, takardunta na farko kuwa Lowe kawai za ka gani a kansu, kada ka ɗauka mutum biyu ne.

Ta bi mijinta Bechuanaland, wato Botswana ta yau, ta tattara kifin yankin Okavango. A 1957 suka ƙetare teku zuwa Guyana ta Kudancin Amurka, wadda a lokacin take ƙarƙashin Birtaniya. Can ta shiga jirgin bincike ta nazarci kifin tekun gaɓar ƙasar, amma aikin da ya fi tasiri shi ne na Rupununi, wani makeken fili mai ciyawa a kudancin ƙasar, wanda ruwa yake mamayewa duk damina ya janye da rani.

A nan za ka ji kamar labarin gida ake ba ka. Da ruwa ya fara cikowa, kifi ya bar kogi ya bazu cikin ciyawa, yawanci a lokacin yake zuba ƙwai. 'Ya'yan su tarar da abinci ko'ina, ƙwari da ruɓaɓɓen ganye da ƙananan halittu, ga wurin ɓuya. Kifi ya ci ya tara kitse. Ruwa ya fara janyewa, wasu su koma kogi, wasu su maƙale a tafkunan da suke ƙafewa, abinci ya yi ƙaranci, girma ya tsaya, manyan kifaye da tsuntsaye su yi ta ɗauka. Ta wallafa wannan a 1964. Abin da ya sa ya yi nauyi a wurin masana shi ne, ilimin kifi na zamanin an gina shi ne a kan ruwan Turai da Arewacin Amurka, inda sanyi da zafi suke juya rayuwar kifi. Wanda aka horar a can in ya zo ƙasashen zafi yakan rasa ma'auninsa. Ita tana cikin waɗanda suka kafa hujja cewa a koguna irin namu hawa da saukar ruwa ne yake riƙe da akalar komai.

To, ga amsar tambayarka ta biyu, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. A kan ruwan Yawuri, Baba ya fi ta sani nesa ba kusa ba. Ya san lokacin da tarwada take hawa fadama, ya san inda kurungu yake kwana, ya san gaiwa tana binne kanta a laka ta jira damina, ya san shekarar da cikowa ta yi kyau ita ake cika jirgi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya jira wani littafi. Bambancinsu irin na haifaffen gari ne da falke. Ɗan gari ya san kowane lungu da mai gidan da ke cikinsa, falke kuwa bai san garin haka ba, amma ya ci kasuwanni da yawa, shi zai iya ce maka abin da kake gani a nan haka yake a can, ko kuwa garinku ne kaɗai yake da shi. Baba ba shi da hanyar sanin cewa abin da yake gani a Kwara shi ne yake faruwa a wani fili na Kudancin Amurka, da kifayen da ba irin na nan ba ne. Sai an ga abu ya maimaitu a nahiya biyu ake gane ƙa'ida ce, kuma ƙa'ida ce take ba ka damar faɗin abin da zai faru a ruwan da ba ka taɓa gani ba, ko a kogin da ake shirin datsewa.

Abu na biyu shi ne rubutu da awo. In Baba ya ce karfasar da ake kamawa a ƙuruciyarsa ta fi ta yanzu girma, gaskiya ya faɗa, amma jami'in da zai sa hannu a dokar idon kalli zai tambaya, da santimita nawa, a wace shekara? Wanda ya rubuta shi ake saurara a wannan zama. Ina kuma ganin adalci ne a faɗi cewa ilimin masana na zamanin mulkin mallaka ya jingina ƙwarai a kan masunta da mataimaka 'yan ƙasa, waɗanda suka tuƙa jirgi, suka nuna wurin haihuwa, suka ba da sunaye, amma ba kasafai sunansu yake fitowa a saman takarda ba. Kai da ka tashi a jirgi kuma kake riƙe da alƙalami kana da abin da ita ba ta da shi a ranar da ta sauka Nyasaland.

A 1962 suka koma Ingila, ta samu wurin zama a gidan adana halittu na Landan, inda Ethelwynn Trewavas da Humphry Greenwood, manyan masanan kifin Afirka, suke aiki. A wannan zango ne aikinta ya taɓo ƙasarmu. Shekarun manyan madatsun ruwa ne a Afirka, Kariba a kan Zambezi, Akosombo a kan Bolta ta Gana, sai Kainji a kan Kwara da aka kammala a 1968. Kowa yana tambayar me zai sami kifin kogi in an mayar da kogin tafki. Ita ta tace littafin taron da aka yi a Landan kan tafkunan da ɗan Adam ya ƙirƙira, wanda ya fito a 1966. A 1972 kuma aka buga mata a Akara wani ɗan littafi mai zane-zane na gane ire-iren kifin tafkunan Bolta da Kainji, don ma'aikacin da yake bakin ruwa ya iya raba wannan da wancan. Ka tambayi Baba abin da ya biyo bayan cikar Kainji. Kamu ya yi tashin gwauron zabi a shekarun farko, lokacin da ciyayi da itatuwan da ruwa ya shanye suke ruɓewa suna ciyar da tafkin, daga baya ya faɗo, wasu kifayen suka ja baya wasu suka yawaita. An ga irin wannan a sauran tafkunan. A ƙasan madatsa kuma labarin ya fi ɗaci, domin in an hana kogi cikowa an hana kifi wurin haihuwa. Masuntan fadamar Haɗeja da Nguru sun ɗanɗani haka bayan an gina madatsun Tiga da Challawa.

A 1968 ta je yankin Mato Grosso na Barazil tare da wata tawagar masana. Bayan nan sai ta zauna ta haɗa abin da ta gani da abin da wasu suka rubuta a Afirka da Kudancin Amurka da Asiya. Littafinta Fish Communities in Tropical Freshwaters ya fito a 1975, sai wanda ya faɗaɗa shi, Ecological Studies in Tropical Fish Communities, a 1987. Waɗannan biyun ne suka sa kake ganin sunanta ko'ina. Kafin su, ɗalibin da yake son fahimtar yadda kifayen ƙasashen zafi suke zama tare, wa yake cin wa, me ya sa tafki ɗaya zai ɗauki ɗaruruwan iri, sai ya bi rahotanni a warwatse cikin harsuna daban-daban. An fassara na 1987 zuwa harshen Fotugis a 1999, ya zama abin karatun ɗaliban Barazil. A ɓangaren kiwo kuma, ita da Roger Pullin suka tace littafin 1982 kan rayuwar karfasa da kiwonta, wanda ya fito daga wani taro a Bellagio ta Italiya, a daidai lokacin da kiwon karfasa yake shirin bunƙasa a Asiya.

Malamanku za su koya muku auna tasirin masani da yawan ambaton da takardunsa suke samu, kuma nata yana da yawa. Ta samu lambar girma ta ƙungiyar Linnean ta Landan a 1997, kafin nan a 1994 wata mujallar ilimin kifi ta keɓe kundi guda don girmama ta tare da Trewavas da Eugenie Clark. Ni dai abin da ya fi gamsar da ni shi ne maganganunta sun shige cikin darasi har an daina tuna wanda ya fara tsara su.

Sai maganar da ba ta da daɗi. A shekarun 1950 da farkon 1960 an zuba giwan ruwa a Tafkin Biktoriya. Mu a wurinmu giwan ruwa ɗan gida ne, shi ne abin alfaharin gasar Argungu, kuma kifayen Kwara da Chadi sun daɗe da koyon zama da shi. A Biktoriya baƙo ne. Tafkin yana da ɗaruruwan ire-iren ƙananan kifaye dangin karfasa da babu su ko'ina a duniya sai nan. Wasu masana, irin su Geoffrey Fryer, sun yi kashedi tun 1960. A shekarun 1980 giwan ruwa ya yi yawa, ire-iren nan da dama suka ɓace daga raga, ga gurɓatar ruwa ta ƙara taimakawa. Karfasar asali ta tafkin, ngege, wadda Lowe ta nazarta a Jinja, yawan kamu ya riga ya raunana ta, karfasar Nilu da aka shigo da ita ta ƙarasa ture ta. A 1985 Lowe-McConnell tana cikin masanan da suka sa hannu a wata maƙala a mujallar Nature suna jan kunnen duniya kan ɓarnar, suna kuma roƙon kada a maimaita ta a sauran manyan tafkunan Afirka. Gaskiya ne giwan ruwa ya kawo masana'antu da kuɗin fitar da kifi Turai, mutane da yawa sun ci abinci a ciki. Amma kuɗin bai dawo da iri ko ɗaya ba.

Chambo ma ba ta tsira ba. Kamunta ya durƙushe a Tafkin Malombe da ke kusa da Tafkin Nyasa a farkon shekarun 1990, ya kuma ragu ƙwarai a kudancin Nyasa ɗin, wanda yau ake kira Tafkin Malawi, saboda ragogi masu ƙananan ido da tarun da ake ja a kan wuraren haihuwa. Iri ɗaya, lidole, ya yi wuyar gani har ana fargabar ya ƙare. Masanan da suka zo auna asarar sun buɗe rahoton 1952 ne don su san yadda tafkin yake kafin nan, nawa ake kamawa, da wane girma, a wane wata.

Ta rubuta tarihin rayuwarta a littafin The Tilapia Trail, wanda ya fito a 2006. In laburarenku yana da shi ka fara da shi kafin manyan littattafan, ya fi sauƙin shiga, kuma za ka ga yadda ake aikin bakin ruwa a zamanin da babu kwamfuta. Ta ci gaba da rubutu da halartar tarukan manyan tafkunan Afirka har cikin tsufanta. Ta rasu a Ditchling ta kudancin Ingila a watan Disamba na 2014, tana da shekara 93.